Alan Partridge da Baƙon da Bai Zo Ba

A shekarar 1994 gidan talabijin na BBC ya fara nuna wani wasan barkwanci mai suna Knowing Me, Knowing You. An tsara shi tamkar shirin hira na gaske, da kujeru masu laushi, da makaɗa a gefe, da 'yan kallo a zazzaune, da mai gabatarwa cikin kwat. Sunan mai gabatarwar Alan Partridge, mutumin Norwich a gabashin Ingila. Ba mutum ne na gaske ba, ƙirƙirarsa aka yi. Steve Coogan ne yake shiga rigarsa, tun 1991 da aka fara jin muryarsa yana karanta labarin wasanni a wani shirin rediyo mai suna On the Hour. A daren farko na shirin talabijin ɗin, Alan ya yi wa 'yan kallo albishir cewa babban baƙonsa shi ne Roger Moore, wanda ya fito a matsayin James Bond, ɗan leƙen asirin nan na fina-finai, har sau bakwai tsakanin 1973 da 1985. Shiri ya yi nisa, baƙo shiru. Aka ce yana hanya, cunkoson motoci ne ya riƙe shi. Alan ya yi ta ba mutane haƙuri, yana sanar da su inda motar ta iso, har lokaci ya ƙare Moore bai tako ɗakin ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce dabara ce ta cika rabin sa'a. Amma waɗanda suka ƙera Alan, wato Coogan da Armando Iannucci da Patrick Marber, daga baya kuma Peter Baynham, ba su saki wannan zare ba. Sun ba shi abubuwan so da yawa, motoci da otal-otal da tsofaffin waƙoƙi, sai dai son James Bond suka ajiye a can ƙasan zuciyarsa. A ganina babu zaɓin da suka yi masa da ya kai wannan dacewa, kuma dalilin yana wajen harshe, wato yadda kowanne cikin mutanen biyu yake riƙon magana.

Idan aka cire bindiga da mota da tsalle-tsalle, abin da ya rage a sana'ar ɗan leƙen asiri shi ne kame baki. Ya ji, ya gani, ya haɗiye. Darajarsa tana cikin abin da ya sani bai faɗa ba. A kan wannan aka gina Bond na fim. A tambaye shi ko shi wane ne, ya faɗi sunan gidansu, ya ɗan dakata, ya cika sunan, shi ke nan. Ya tunkuɗo mutum daga saman bene, ya gyara wuyan rigarsa, ya saki kalma uku ko huɗu na shaguɓe ya wuce. Tsoro bai isa ya buɗe masa baki ba, murna ma haka. Turawan Ingila na wani zamani sun ɗauki irin wannan ƙarancin magana alamar ɗan babban gida, wanda aka kai makarantar kwana tun yana ƙarami aka koya masa cewa kuka da zumuɗi abin kunya ne.

Alan kuwa ma'aikacin rediyo ne, kuma a rediyo babu laifin da ya kai a bar iska wayam. Abincinsa ke nan, ya cika shiru da magana, da abin faɗa ko babu. A shirin I'm Alan Partridge na 1997 mun same shi ya faɗo ƙasa. BBC ta ƙi ba shi zango na biyu, matarsa ta bar shi ta bi wani mai koyar da motsa jiki, yana zaman haya a wani otal na bakin titi tsakanin Norwich da Landan, yana gabatar da shirin da ake farawa tun kafin asuba a ƙaramin gidan rediyon garinsu. Halin aiki ya biyo shi har waje. Duk abin da ya gifta a ransa sai ya fito ta baki, ko a gaban mai takaba ne, ko a gaban wanda yake roƙon aiki a hannunsa. Yakan ɗauko kwatance, ya ga ya karkace, maimakon ya yi shiru sai ya ƙara masa bayani, bayanin ya fi kwatancen muni, ya sake ƙarawa. Magana zarar bunu ce, shi kuwa Alan sai ya zare rufin ɗakin gaba ɗaya wajen neman gyara zara ta farko. Idan ya dubi Bond, mutumin da bakinsa bai taɓa ba shi kunya ba yake gani.

Marubutan sun kai wannan bambanci maƙura a daren ƙarshe na shirin 1994. An san Bond da lasisin kisa, abin da sifili biyun da ke gaban lambarsa ke nufi ke nan. A wannan dare wani baƙo ya zo da tsofaffin bindigogi irin na tarihi, Alan ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ta tashi, baƙon ya faɗi matacce a gaban kyamara. Ga shi dai ya kashe mutum da bindiga kamar gwarzonsa, amma babu lasisi, babu natsuwa, babu kalmar da za ta rufe lamarin. Sai ruɗewa, da 'yan sanda, da mutuwar aikinsa.

Akwai wuri ɗaya da harshen mutanen biyu ya haɗu, kuma shi ya fi ɗaukar hankalina, wato sunayen kaya. Ian Fleming, wanda ya yi aiki a sashen leƙen asirin sojan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da littafin Bond na farko, Casino Royale, a 1953. A lokacin ana sayen abinci da kati a ƙasar, domin ba a daina awon nama ba sai a 1954. Ga mutanen da ke layi don ɗan yankan nama, sai aka miƙo musu jarumi mai cin ƙwan kifi mai tsada, mai tuƙa Bentley, mai zaɓar abin sha da sunan kamfani da shekarar da aka yi shi. Fleming ba ya cewa agogo, sai ya ce Rolex. Fina-finan suka ɗora a kai, Aston Martin ta shigo a Goldfinger na 1964 ta zama rabin jarumin. Sunan kaya a wannan duniya shaida ce cewa mutum ya san abu mai kyau tun a gida, ba sai ya tambaya ba.

Alan ya koyi wannan darasi sarai. Shi ma ba ya cewa mota, sai ya ce Rover, daga baya Lexus, kuma sai ya faɗa maka dalilin da ya sa ta fi ta maƙwabci. Ya san sunan na'urar gugar wando da ke ɗakin otal ɗinsa, Corby, har ya taɓa kwance ta gunduwa-gunduwa saboda zaman kashe wando ya ishe shi. Lokacin da ransa ya ɓaci iyakar ɓaci, cakulan Toblerone ya dinga ci har ya yi teɓa, ya tuƙa mota ba takalmi zuwa Dundee a Sikotland. Kalmomin iri ɗaya ne da na Fleming, sunan kamfani a inda wani zai sa sunan abu, amma ma'anarsu ta juye a hanya. Bond yana faɗin suna ya wuce, kamar abin bai dame shi ba. Alan yana faɗa ya tsaya yana duban fuskarka, yana jira ka yaba. Wannan tsayuwar ita ke tona shi. A Ingila, inda lafazin mutum da irin kalmar da ya zaɓa kan nuna ajinsa kafin a tambayi sunan ubansa, wanda aka gan shi yana ƙoƙari ya riga ya faɗi.

Abin tausayin shi ne, waɗanda yake kwaikwaya su ma koya suka yi. Roger Moore ɗan wani ɗan sanda ne daga Stockwell a kudancin Landan. Sean Connery, wanda shi ma ya fito a matsayin Bond, ya yi rabon madara gida-gida a Edinburgh, kuma Terence Young, wanda ya ba da umarnin fim ɗin Bond mai suna Dr. No, shi ya kai shi wajen tela ya nuna masa yadda ake tsayuwa cikin kwat. Ɗan babban gidan da Alan ke sha'awa a allo, 'ya'yan talakawa ne suka saka rigarsa, ta kuma zauna musu. Shi ya sa bai yanke ƙauna ba. Yana gani da idonsa cewa abin yana koyuwa.

Shekarun da aka haifi Bond su ne shekarun da Birtaniya ke tattara komatsanta daga duniya. A 1951 Guy Burgess da Donald Maclean, jami'an diflomasiyyarta, suka gudu Mosko, ashe da daɗewa Tarayyar Sobiyet suke wa aiki. Kim Philby, tsohon babban jami'i a hukumar leƙen asirin kanta, ya bi su a 1963. A 1956 aka yi rikicin mashigin Suwez, inda Amurka ta tilasta wa Birtaniya janye sojojinta daga Masar. Gana ta karɓi 'yanci a 1957, Nijeriya a 1960. An ɗauki Dr. No a Jamaika a farkon 1962 tana ƙarƙashin mulkin mallaka, kafin a nuna fim ɗin a watan Oktoba ta riga ta sauke tutar Ingila a watan Agusta. A cikin wannan yanayi aka ba 'yan kallo wani Bature guda ɗaya wanda Rasha ke tsoro, Amurka kuma ke yi wa ɗan rakiya. Ainihin hukumar leƙen asirin maciya amana sun huda ta, ta fim kuwa ita ke ceton duniya duk bayan shekara biyu.

Fim ɗin da Alan ya fi so, The Spy Who Loved Me, ya fito a 1977. Shekara guda kafin nan gwamnatin Birtaniya ta je neman rance a Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma a 1977 ɗin ne Sarauniya Elizabeth ta cika shekara 25 a kan gado. A cikin buɗewar fim ɗin an ga Bond yana zamiya a kan dusar ƙanƙara, maƙiya suna binsa da harbi, har ya kai bakin wani dutse mai tsawon gaske ya faɗa sarari. Kiɗa ya ɗauke. Mutum yana ta faɗowa, sandunan ƙafarsa suna rabuwa da shi. Can sai laimar saukowa ta buɗe, ashe tutar Birtaniya ce. Wani ɗan kasada mai suna Rick Sylvester ne ya yi wannan tsalle da gaske a dutsen Asgard da ke Kanada. Duk wanda ya ga hotunan daren 1 ga Oktoba 1960 a Legas ya san wannan tuta tana sauka. A wannan fim ma sauka take yi, sai dai an mai da saukar abin tafi. Ɗan leƙen asirin da ke ɓoye kansa ba zai rataya tutar ƙasarsa a sama ba, kowa ya sani, kuma masu fim ɗin sun san an sani. Haka Bond na zamanin Moore yake, rabi alfahari rabi wasa, ana yi ana ɗage gira.

Alan bai ga wasan ba. Alfaharin kaɗai ya ɗauka, da zuciya ɗaya.

A zango na biyu na I'm Alan Partridge, a 2002, an keɓe wa wannan ƙauna dare guda cur. Alan yana zaune a wani akurkin ɗaki irin wanda ake ja da mota, a gefen gidan da ake gina masa. Hutu mai tsawo ya zo, ya ƙudurta zai kalli fina-finan Bond dukansu a jere tare da abokinsa Michael, tsohon soja mai aiki a gidan mai. Ya rubuta jadawali, sa'a kaza wannan fim, sa'a kaza wancan, har lokacin cin abinci da na kewayawa ya tsara. Sai Michael ya yi sabon aboki mai haukan son Amurka, kishi ya kama Alan. Sai lemo ya malale a kan kasusuwan bidiyon ya lalata su. Wanda ya tsira shi ne wanda ya fi so, aka saka a na'ura, ashe an ɗauki gasar ƙartin Amurka masu ɗaga nauyi a kansa. Mutanen ɗakin suka fara tuna fim ɗin da ka, kowa yana cakuɗa wannan da wancan. Alan ya daka musu tsawa su daina ɓata Bond. Sannan ya miƙe ya yi musu buɗewar fim ɗin da jikinsa, daga farko: jiragen ƙarƙashin teku, wayar da aka buga, zamiyar kan ƙanƙara, faɗowa, laima, har waƙar buɗe fim da inuwar matan da ke juyi a bayan rubutu.

Wanda ya tashi a garin da ake da silima ya san yaron da kan dawo daga kallo ya tara abokai a gindin fitila, ya zama shi ne akta shi ne bos, yana ƙarar bindiga da baki, ba ya yarda a tsallake ko taku ɗaya. Alan ke nan a wannan dare, yana mutum mai furfura. Ana dariya, kuma abin dariya ne. Amma a duk shirin babu inda ya kai nan gaskiya. Ko'ina yana magana ne don a ɗauke shi wani abu. A nan ya manta da kansa, yana so ne kawai waɗannan mutane su ga abin da ya gani, kuma maganarsa da kullum take tuntuɓe sai ta miƙe, domin ya san kowace gaɓa. Tsawar da ya yi musu ma ina jin ta. Mutumin da aure ya kuɓuce masa, aiki ya kuɓuce masa, littafin da ya rubuta kan yadda ya farfaɗo aka rasa masu saye, abu guda ya rage wanda ya sani daidai, ga shi ana yi masa riƙon sakainar kashi a gabansa.

Irin wannan mutum shi Ingilawa suka fi so su yi wa dariya, kuma sun daɗe a kai. Tony Hancock ya fara a rediyo a 1954 da mutumin da ke ganin ya fi unguwarsa. Kyaftin Mainwaring na Dad's Army, daga 1968, manajan banki ne da ya naɗa kansa kwamandan dakarun sa-kai, yana jin haushin sajensa saboda sajen ya fi shi asali. Basil Fawlty na John Cleese, a 1975, mai ƙaramin otal ne da ke mafarkin manyan baƙi yana wulaƙanta waɗanda yake da su. David Brent na The Office, a 2001, shugaban ofis ne da ke ganin kansa gwanin ban dariya. Dukansu suna da hoton kansu a zuci wanda duniya ta ƙi sa wa hannu, kuma dariyar tana fitowa ne daga tazarar, tare da wata kunya da kan sa mai kallo ya kau da kai. Mu a nan Mista Bean muka fi sani, domin shi ba ya buƙatar tafinta. Waɗannan kuwa duk wasansu a cikin magana yake, shi ya sa ba su iso mana sosai ba.

Rowan Atkinson, mai yin Bean, ya yi nasa wasan da Bond a Johnny English na 2003, inda aka ɗauki wawa aka ba shi aikin leƙen asiri. Wannan tsohuwar hanya ce, tana kuma ba da dariya. Marubutan Partridge sun bar wawan a inda miliyoyin mutane suke, a kujerar ɗan kallo, da kaset a hannu. Wannan ya fi ciwo, domin wanda ke dariya a falonsa shi ma ya taɓa jin tsigar jikinsa ta tashi da laimar nan ta buɗe. A 2012, wajen buɗe gasar Olamfik a Landan, an nuna Daniel Craig, mai fitowa a matsayin Bond a lokacin, ya je fada ya ɗauko Sarauniya, aka kuma sa 'yan kasada biyu suka diro daga jirgi mai saukar ungulu a saman filin wasa da laima mai tutar ƙasar. Ƙasa guda ta yi abin da Alan ya yi a akurkinsa, duniya tana kallo.

Ba na ɓoye cewa wani ɓangare na wannan dariya yana damuna. A farkon shekarun akwai ƙanshin raini a ciki, irin na 'yan boko na babban birni ga mutumin lardi mai son abin da bai kamata wayayye ya so ba. Alan yana da mugun hali na gaske, yana da rowa da son kai da raina na ƙasa da shi, kuma ya cancanci abin da ke samunsa saboda waɗannan. Son wani tsohon fim ba ya cikin laifuffukansa. Ina jin Coogan ma ya gane haka, domin tun da 'yan'uwan nan biyu, Neil da Rob Gibbons, suka shigo rubutun wajen 2010, an rage duka an ƙara fahimta. A fim ɗin Alpha Papa na 2013 har an ba Alan abin da ya daɗe yana mafarki: wani abokin aiki da aka kora ya yi garkuwa da ma'aikatan gidan rediyo da bindiga, Alan ya zama ɗan aike tsakaninsa da 'yan sanda. Sai dai shi ne ya ba shugabanni shawara a ɓoye su kori mutumin don ya tsira da nasa aikin. Daga duk sana'ar leƙen asiri, cin amanar abokin aiki ne kaɗai ya iya ba tare da an koya masa ba.

Wannan ɓangaren sana'ar na marubuci John le Carré ne, wanda ya yi aikin da kansa kafin ya rubuta shi. Jaruminsa George Smiley gajere ne mai ƙiba, da tabarau, da kayan da ba su zauna masa ba, matarsa tana cin amanarsa, kuma makaminsa saurare ne. Alec Guinness ya fito a matsayinsa a BBC a 1979, a labarin farautar maci amana a cikin hukumar. Alan ba zai iya son Smiley ba, domin zai ga otal ɗinsa da aurensa a ciki. Amma akwai mai irin halin Smiley a kusa da shi kullum, ita ce Lynn, mataimakiyarsa, wadda Felicity Montagu ke fitowa a matsayinta. Mace ce mai yawan zuwa coci, mai tufafi marasa launi, wadda za ta shiga ɗaki ta fita ba a lura ba. Ita ke riƙe da lissafin kuɗinsa, ita ke kai saƙonsa wurin da yake tsoron zuwa, ta san maganin da yake shafawa da bashin da ake binsa da ƙaryar da ya yi jiya, ba ta kuma faɗa wa kowa. Albashin da yake biyanta bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa a mota yake barinta ta jira.